Dalilin da Ya Sa Na Sayi Mai Giya

Luka, kwanaki na ji ka a tsakar gida kana yi wa abokinka huɗuba a kan mota. Ka ce mishi babanka mutum ne mai hangen nesa, wai tun da can na faɗa cewa kada mutum ya kuskura ya sayi motar da ba a iya tura ta ta tashi. Har muryata ka kwaikwaya, kuma ba ka iya ba, ni ba na magana ta hanci. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Tsoho yana son a sa sunanshi cikin masu hikima ko da a kan batir ne. Amma da baƙon naka ya tafi sai daɗin ya koma mini kamar na ci wake bai dahu ba, don maganar nan da kuka ɗauka kuna yawo da ita, kai da Tabita da Nuhu, ba hikima ba ce, kuma ba ma tawa ba ce. Aro na yi. Bari in gaya muku inda na aro ta, da abin da na rufe da ita. Ku yi haƙuri da manyan baƙaƙen, ido ɗaya ya rage mini, shi ma rabin albashi yake karɓa.

Kun san karatuna a aji huɗu ya tsaya, ba don kaina ya cika ba, sai don kawuna ya ga shanun noma sun fi malamin makaranta bukatata. Amma shekara talatin da biyar na yi ina masinja a jami'a, ɗauke da fayil ɗin manyan malamai daga wannan ofis zuwa wancan, saboda haka ni ta hammata ilimi ya shige ni. Duk shekarun nan a kan keke na yi su. Na buɗe wa furofesoshi ƙofar mota, na riƙe musu lema har su shiga, na tsaya ina kallon bayan motar har ta sha kwana. Tuƙi kuwa sai dab da ƙarshen aiki na koya, a tsohuwar akori-kurar sashenmu. Direban yana gefe yana salati, shi Musulmi ni Kirista, amma in na kama sitiyari addu'armu ɗaya ce. Na dai samu lasin. Yadda na same shi babi ne daban, kuma ba zan rubuta shi ba.

Mamanku Rahila ta riga ni iya mota da shekaru masu yawa. Wannan kun san shi sama-sama, lokacin kuna ƙanana. Tana aikin girki a kwatas, gidan wata malama da muke kira Dokta, mace mai kirki da saurin fushi. Da Dokta ta yi wani ciki mai wahala aka hana ta tuƙi, mijinta kuma yana ƙasar waje, sai ta ce ba za ta ɗauko ƙaton namiji ya zauna mata a gida da sunan direba ba. Ta sa mamanku gaba ta koya mata a filin bayan kwatas. Motar irin mai canza giya da kanta ce, otomatik, abin takawa biyu ne kawai, totur da birki, duk ƙafar dama ke yi. Ƙafar hagun mamanku kuwa kun san ta. Shan inna ya taɓa ta tun tana goye, ba ta da ƙarfin danna komai, jan ta take yi. A motar Dokta ba wanda ya tambayi ƙafar hagu. Shekara uku tana kai yara makaranta, tana shiga kasuwar Samaru, har Sabon Gari ta sha zuwa, ko akuya ba ta taɓa goga ba.

Wata rana da hantsi ina kan keke tare da wasu masinjoji biyu, sai mota ta biyo gefenmu a hankali, aka danna hon sau biyu. Na cire hula, don a jami'a in mota ta yi maka hon, hula kake fara cirewa kafin ka duba ko waye. Ashe mamanku ce, gwiwar hannu a kan taga, tana dariya.

"Sannu da aiki, Baban Luka! In rage maka hanya?"

Ɗaya daga cikin abokan nan nawa sai da ya sauka daga keke don dariya. Wata guda cur ana kirana Mijin Direba a ofis. Na taya su dariya, ni ma gwanin tsokana ne, na san in ka nuna fushi ka ƙara musu gishiri. Amma ashe na ajiye abin a wani lungu na zuciya, ni kaina ban san na ajiye ba. Bayan nan Dokta ta samu aiki a wata jami'a ta tafi da motarta. Mamanku ta koma kan ƙafa da bas, ta kama yin kunun zaƙi da masa na biki, tana ɗauko gero da shinkafa daga Sabon Gari.

Shekarar da na ajiye aiki, kuɗin sallama suka fito bayan na kusa sanin sunan kowace ƙadangaruwa a ƙofar ofishin fansho. Gidan nan ya zama majalisar dokoki. Kai Luka ka ce jif, mai tsayi, wadda in ta tsaya a coci za a san mun iso. Tabita ta ce ita dai ja, kuma da na'urar sanyi, kamar ita za ta biya mai. Nuhu bai damu da ko motar tana da inji ba, in dai rediyonta zai girgiza gilashi. A bencin mai shayi inda mu tsofaffin ma'aikata muke zama muna gyara Nijeriya, kowa ya zama injiniya, har waɗanda ko baro ba su taɓa turawa ba. Mamanku kaɗai ba ta sa baki ba, sai wata safiya tana tankaɗen gari, ba ta ma ɗago kai ba.

"Baban Luka, guminka ne, ban hana ka komai ba. Fara ko baƙa, babba ko ƙarama. Abu ɗaya nake roƙo, ka sayi wadda ba ta da kuloci."

"Ke har yanzu kina tuna tuƙi? Shekara nawa ke nan?"

"Kai ka manta hawan keke?"

"To, Direba, an ji. Za a duba fayil ɗinki."

Ta yi murmushi ta ci gaba da tankaɗe. Ita ba ta yi aikin ofis ba, ba ta san abin da "za a duba" yake nufi ba.

Ranar wata Asabar bayan an ɗauke ruwan sama muka shiga bas ni da ita zuwa Sabon Gari, wajen wani Alhaji mai sayar da motocin Kwatano a wani fili kusa da layin dogo. Motoci sun fi ashirin, amma da muka faɗi ƙarfinmu sai suka koma biyu: wata ƙarama mai ruwan toka, otomatik, da wata koriya mai giyar hannu. Alhaji ya kawo makullin mai ruwan tokar. A matsayina na maigida ni na fara shiga. Na gyara hula, na tayar, na ja ta a hankali, komai lafiya. Da na so ƙara gudu sai ƙafata ta hagu, wadda akori-kura ta horar, ta tashi neman kuloci da dukan ƙarfinta. Babu kuloci a wurin. Birki ta samu. Motar ta tsaya cak, goshina ya gaisa da gilashi, hulata ta fice ta taga ta faɗa cikin taɓo. Dillalai da masu wankin mota suka juya baya don ladabi, amma kafaɗunsu suna rawa.

Mamanku ta tsince hular, ta ba ni, ta ce in ɗan matsa. Ta ja kujera gaba, ta gyara madubi, ta ƙara ɗaure zani, ta ɗora ƙafar hagun can gefe kamar an ajiye jaka. Sai ta fita ta ƙofar filin ta shiga titi, cikin 'yan acaba da masu baro da wata tirela da ke ƙoƙarin juyawa. Muka tsaya muna leƙe. Can sai ga ta ta dawo, ta shigo da ribas, ta zura motar tsakanin wasu biyu, wurin da ni ko da keke sai na sauka. Na auri matar nan tun tana budurwa, na ga fuskarta ranar aure da ranar haihuwar kowannenku, amma fuskar da ta fito da ita daga motar nan ban san ta ba. Mutanen wurin suka tafa. Alhaji ya dafa kafaɗata.

"Baba, ai kai ka gama sa'a. Ritaya biyu ka yi, ka huta da aiki, ka huta da tuƙi. Ka hakimce a baya kawai kamar furofesa, Madam ta ja ka."

Ku duba fa. Abin da na yi shekara talatin da biyar ina kallo ina haɗiyar yawu, zama a kujerar baya, shi mutumin nan ya miƙo mini a faranti. Amma kunnena bai ji furofesa ba. Mijin Direba ya ji. Na hango bencin mai shayi, na hango kaina ina saukowa daga kujerar fasinja a gabansu kullum har in mutu. A bas da muke komawa Samaru mamanku tana ta magana, abin da ba halinta ba: za ta riƙa zuwa wajen 'yar'uwarta a Giwa ba sai ta jira mota ta cika ba, za ta kwashi tsofaffin zumuntar mata ranar taro, buhu biyu zai shiga but ɗin motar. Tana magana tana kankare mini taɓon hula da farce. Ni ina cewa "haka ne, haka ne."

Ranar Litinin na koma ni kaɗai, na biya gareji na ɗauki Malam Garba bakanike, abokina tun muna samari. Ya buɗe gaban mai ruwan tokar, ya shiga ƙarƙashinta, ya shinshina mai, ya sa kunne a inji.

"Istifanus, lafiyarta ƙalau. Ta ma fi koriyar."

"Sake dubawa. Jikina yana ba ni tana da wani abu."

"Jikinka ba bakanike ba ne. Na ce maka lafiya."

"Garba, wai duk motar nan ba abin da za a ce game da ita? Ko ɗan ƙanƙani?"

Ya tsaya yana goge hannu da tsumma, yana kallona, har na fara duba tayoyi.

"In dole sai an ce wani abu, to, irinsu in batir ya mutu ba a tura su su tashi. Shi ke nan. Amma ai wuta ake ɗaukowa daga wata mota, minti biyu ne."

"Ya isa. Rabin farkon nake so."

"Maman Luka ta san ka zo?"

"Harkar mota harkar maza ce."

"To. Ni dai kada a ce ni na ce."

Na ce shi ya ce. Har ya rasu ina cewa shi ya ce, Allah ya ji ƙanshi.

Ranar na shigo da koriyar unguwa bayan ta mutu mini sau biyu a mararrabar Kwangila, direbobin bas suna tambayata ko gado na ci. Kun tuna ihun da kuka yi. Maƙwabta suka fito, aka kira Fasto ya sa albarka. Ya leƙa ciki ya ce bai taɓa ganin dattijon ikilisiya da giya har biyar a hannu ba, ga ta ribas ta shida, za a kai maganar gaban majalisa. Aka yi ta dariya. Mamanku ta fito daga kicin tana goge hannu a zani, da fara'arta. Ta ga launin motar. Ba ta tsaya ba, ta zagaya ta ɓangaren direba, ta dafa ƙofa, ta sunkuya ta duba ƙarƙashin sitiyari.

"Abin takawa uku ne," in ji ta.

Ni kuwa na riga na shirya jawabi tun daga hanya. Na gyara murya kamar shugaban sashe, na ce a saurara. Na ce a ɗauka mutum yana tsakiyar daji, ba gida gaba ba gida baya, batir ya mutu, me zai yi da motar da ba a turawa? Na ce bakanike ya duba ya ba da shawara, kuma mai iyali ba ya sayen abu don kwalliya. Maza suka gyaɗa kai. Fasto ya ce wannan ita ce hikimar manya. Na ga idonka, Luka, yana ƙyalli, a ranar ka haddace. Ni da ban taɓa wuce Sabon Gari da son raina ba, ina maganar daji. Mamanku ta miƙe ta ce, "Allah ya tsare hanya," ta koma ciki ta kawo wa baƙi kunu.

Sau ɗaya ta gwada. Wata Lahadi bayan sujada ta ce in kai ta filin makarantar firamare. Ta zauna, ta ɗora ƙafar hagun a kan kuloci, ƙafar ta ƙi. Sai ta sa tafin hannu a kan gwiwa tana dannawa da hannu, ɗayan hannun a sitiyari, giya kuma tana jiran hannu na uku. Motar ta yi tsalle ta mutu. Ta sake, ta mutu. Zufa ta jiƙa mata ɗankwali. Ta yi ta yi har na daina ƙirgawa. Daga ƙarshe ta zare makulli, ta buɗe tafina ta sa mini. A nan ne ya kamata in ce gobe za mu koma wajen Alhaji. Kun san abin da babanku mai hangen nesa ya ce?

"Ashe Direba ma ta yi ritaya."

Ta zagaya ta zauna a ɗaya kujerar, ta naɗe hannu a cinya. Na yi tsokana da yawa a rayuwata, na tsokani furofesoshi a gabansu sun ba ni goro, amma wannan ita ce guda ɗaya da in da ana sayen magana a mayar da ita ciki, da na sayar da gidan nan.

Shekara biyu na ja koriyar. Daga gida zuwa coci, daga coci zuwa bencin mai shayi, inda nake ajiye ta yadda kowa zai gani. Wanke ta nake yi fiye da hawa. In na ga dama in kai mamanku kasuwa, in zauna a ciki ina danna mata hon ta yi sauri, tana tafe tana jan ƙafa a bayan ɗan dako. Giwa kuwa sau ɗaya muka je, na dawo na kwanta kwana biyu don tsoron manyan motoci. Sai ido ya fara. Gefe da gefe ya riƙa rufewa kamar ana jan labule, likita ya ce hawan jinin ido ne, ya ce in manta da sitiyari. Lokacin duk kun watse, wani makaranta, wata bautar ƙasa, wani neman aiki a Kaduna. Mamanku ta same ni a ƙarƙashin mangwaro.

"Na bi ta wajen Alhaji. Ya ce in an kai mishi wannan zai canza mana da marar kuloci. Ga asibiti duk wata, Baban Luka."

"Kin manta abin da Garba ya ce? In batir ya mutu fa?"

Ba ta ƙara tayar da maganar ba har abada. Gaskiyar ita ce, in na yarda a canza, na yarda ke nan jawabina na ranar farko ƙarya ne, kuma duk Samaru za ta ga mata tana jan mijinta a mota. To, Samaru ba ta ga haka ba. Abin da ta gani shi ne mace mai jan ƙafa riƙe da hannun tsoho mai lalube a bakin titi, cikin ruwan sama, tana tsayar da keke mai ƙafa uku, ga mota a gida lulluɓe da tamfol. Wannan a wurina ya fi mutunci. Ku auna irin ilimin da ke shiga ta hammata.

Tayoyi suka sace, kaji suka samu wurin ƙwai. Batir kuwa ya mutu, kamar yadda na yi annabci. Mota ce da ake turawa, amma ba wanda ya tura. Daga baya masu sayen kayan gyara suka zo suka ja ta da igiya.

Bara da kuka haɗa kai kuka ce za ku saya wa mamanku otomatik, kun yi mamaki da ta ce ku bar shi, Tabita har da fushi. Ba kunya ba ce, ba kuma tausayin aljihunku ba ne. Ƙafar daman ce ta gaji. Ita ta yi aikin ƙafa biyu tun yarinta, ga hawa bas da sauka, ga zuwa asibitina, yanzu gwiwar ba ta lanƙwasuwa, yatsun hannu kuma sanyin ƙashi ya kama su. Ni ba likita ba ne, ban ce mota za ta hana wannan ba. Na dai san akwai shekaru kusan goma da ƙafar nan take da ƙarfin taka totur, kuma ni na zauna a kansu.

Kafin in rubuta muku wannan na ga bai dace ku riga ta ji ba. Na same ta da la'asar a baranda tana tsintar wake. Na zauna, na yi gyaran murya, na faɗa mata duka, har da abin da Garba ya ce da rabin da na yanke. Hannunta bai tsaya ba.

"Baban Luka, shekara uku na ja motar Dokta. Sau nawa batir ya mutu mini? Ka ɗauka ban san ana ɗauko wuta ba?"

"To me ya sa ba ki ƙaryata ni ba?"

"A gaban Fasto da 'ya'yanka?"

Na ce na cuce ta. Na fara jero mata: buhunan da ta yi dako, ruwan da ya dake ta, 'yar'uwarta ta Giwa da ba ta samu zuwa yadda take so ba. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Kai har yanzu ba ka gane ba. Buhu ai ɗan dako ya ɗauka, ruwa kuma ya bushe. Tun ina yarinya, duk inda na bi, kafin a ga fuskata an ga tafiyata. A cikin mota ne kawai in na wuce ake cewa ga wata mata. Shi ke nan abin da na so. In zama wata mata, ko sau biyu a mako."

Ta kaɗe zani, ta ɗauki tiren waken, ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta ce in matsar da ƙafafuna na tare hanya. Idona ba ya kai ko taku biyar yanzu, saboda haka ban ga tafiyarta ba, ji na yi. Taku ɗaya, sai ja. Taku ɗaya, sai ja. Daga baranda zuwa kicin ashe da nisa.